Na'urar da Ta Koyi Karrama Baƙo a Azare

Sallar asuba kawai muka jira, muna sallamewa muka kama hanyar Azare daga Kano. Mu uku ne a motar makaranta: ni, da abokin aikina mai haɗa wayoyi, da direba. A bayan mota kuwa akwai kwali da aka naɗe da tsohon bargo, cikinsa na'urar da muka fi shekara muna fama da ita. Waɗanda suka daɗe suna bin rubutuna a wannan zaure sun gaji da jin ƙorafina a kanta, amma saboda sababbin zuwa bari in faɗi ko mece ce.

Akwati ce ta roba, ba ta kai rediyon teburi girma ba. Tana jin zafi da sanyi, tana jin an buɗe ƙofa, tana jin hayaniyar mutane. Tana kuma da wuraren da ake jona fanka ko gulob ɗin lantarki. Burinmu shi ne mutumin da bai taɓa rubuta manhajar kwamfuta ba, bai ma san yadda ake yi ba, ya iya koya mata aiki ta hanyar nuna mata. Ka danna koren maɓalli, ka yi aikinka yadda ka saba, ita kuma tana lura da halin da wurin yake ciki duk sanda ka kunna wani abu ko ka kashe. In ta ga abin ya maimaitu, sai ta riƙa yi da kanta. A ofis ta yi mana biyayya ƙwarai, amma mu muka ƙera ta, mun san abin da take son gani. Shi ya sa muka fita neman wanda bai san cikinta ba.

Wani malami a sashenmu ne ya haɗa mu da wata Hajiya a Azare, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya ta kama sana'ar ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Ya ce tana da matsalar da ta dace da na'urarmu, tana kuma da haƙurin da ya dace da mu.

Damina ta zauna sosai. A Wudil kogi ya cika ya yi ja, gero ya yi kai a gefen hanya, hanyar kuwa ruwa ya ci ta wuri-wuri. Direba ya san ramukan kamar 'yan unguwarsu, sai dai an samu sababbi bayan zuwansa na baya, kuma duk wanda muka faɗa sai abokin aikina ya waiga ya dubi kwalin yana salati. Mun tsaya a Shuwarin muka karya da shayi da ƙosai. Mai shayin ya ƙara kuɗin kofi, ya ce madara ce ta hau, duk da cewa madarar da na gani a nawa kofin ba ta kai a yi maganarta ba. Gaba kaɗan masu binciken hanya suka tambayi abin da ke cikin bargo. Abokin aikina mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro maka daga yadda ake ƙera agogo. Ya fito ya buɗe kwalin ya shiga bayani da zuciya ɗaya, bai kai rabi ba jami'in ya ce mu tafi, Allah Ya ba da sa'a.

Da muka haye gadar Jama'are ƙasa ta buɗe, shinkafa kore shar a fadama, shanu farare suna kiwo a bakin gonaki. Mun shiga Azare da hantsi. Gari ne mai harka: 'yan acaɓa ko'ina, manyan motoci masu wucewa gabas, kuma kowace kwana akwai lema da teburi inda ake buga waya a biya, da katin waya a rataye kamar kilishi. Hausarsu ba ta da nisa da tamu, sai dai kana cikin ciniki da mutum zai juya ya yi wa na kusa da shi Fulatanci, ka tsaya kana zargin kai ake yi wa farashi. Masaukinmu ƙarami ne mai tsabta, janareto sai da yamma. Abin da ya fi zauna mini a rai a ranar farko masa ce da miyar taushe. Na daɗe ina jin mutanen ƙasar Bauchi suna cika baki da masarsu, na ci, kuma ba zan ƙara yi musu gardama ba.

Da la'asar muka je gidan Hajiya. Doguwa ce, fara, mai magana a hankali kamar har yanzu tana gaban aji. Tun daga gaisuwa ta raɗa mini Malama, abokin aikina kuma Injiniya, sunan da ya karɓa ba tare da ya yi musu ba. Ɗakin ƙyanƙyasar yana jikin soro, don haka namiji zai iya shiga ba sai ya ratsa cikin gida ba. Ƙaramin ɗaki ne mai rufin kwano da taga guda. A tsakiya akwai akwatin katako da kafinta ya haɗa mata, tire-tire na ƙwai a jere, kwanon ruwa a ƙasa, fitilar kananzir a gefe tana ba da ɗumi, da ma'aunin zafi a rataye a bayan gilashi. A tagar an ɗaura fanka mai aiki da batirin babbar mota, a cikin akwatin kuma akwai gulob.

Aikinta, kamar yadda ta bayyana, bai da wuyar faɗa. In rana ta gasa kwano zafi ya yi yawa, sai ta kunna fanka ta ja iska. In ruwa ya sauka gari ya yi sanyi, fitilar kananzir ba ta isa, sai ta kunna gulob ya ƙara ɗumi. Wuyar ita ce da damina gari yana iya juyawa sau uku kafin azahar, kuma babu wanda ta yarda ta bar wa. Tun da ta fara sana'ar, in damina ta kama ba ta zaman biki, ba ta zaman makoki, sai dai ta leƙa ta fito, har an fara yi mata kallon mai girman kai. Ƙwan da ke ciki kuwa matan Fulani ne suka tattaro mata daga wajen Gololo, kuma shi ne zubin ƙarshe na bana, don zabi suna daina ƙwai in ruwa ya ɗauke. Saura kamar mako ya fashe.

Na faɗa mata gaskiya cewa na fi son mu gwada da akwati babu komai a ciki. Ta ce akwatin da babu ƙwai ba ya riƙe zafi irin na mai ƙwai, in kuma muka jira ya fashe to sai baɗi. Na ce na'urar sabuwa ce, tana iya kuskure. Ta ce ita ma tana yi. Da haka aka ɗora zubin ƙarshe na shekararta a kan abin da muka ɗauko cikin bargo, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Abokin aikina ya jona fankar da gulob ɗin ta cikin na'urar, ya maƙala mai jin zafi a cikin akwatin, mai jin motsi a jikin ƙofa. Hajiya ba ta ɗauki lokaci ba ta gane koren maɓallin. Muka shiga kwanakin koyarwa. Mukan zo da hantsi, mu dawo da azahar, mu sake dawowa da la'asar. Da mun yi sallama sai ta buɗe mana ɗakin, ta danna kore, ta kunna fanka, ta shimfiɗa mini tabarma, ta jawo wa Injiniya kujera, a kawo fura. Ɗakin akwai zafi da warin kananzir, abokin aikina kuma mutum ne mai gumi, don haka iskar fankar nan ba ƙaramin daɗi take yi mana ba. Mukan zauna muna hira tana duba ma'auni, tana juya ƙwai ɗaya-ɗaya da yatsu. In mun tashi tafiya sai ta kashe koren maɓallin ta rako mu har ƙofar soro. Duk wannan a gabana aka yi shi, ina kallo ina shan fura.

Da muka ga misalai sun taru, sai muka sakar wa na'urar aiki. Ranar ana rana mai zafi. Muna shiga ɗakin da azahar fanka ta tashi da kanta, babu wanda ya taɓa ta. Abokin aikina har da tafi. Hajiya ta yi murmushi ta ce ikon Allah, abu kamar mai hankali. Ni ma na koma masauki ina tsara yadda zan ba ku labari.

Washegari aka wayi gari da ruwa mai ƙarfi, bayan ya ɗauke aka bar sanyi da lumshi. An yi rasuwa a wata unguwa, mijin wata tsohuwar abokiyar aikin Hajiya, sai Hajiya ta aiko mana cewa yau kam za ta je ta zauna zaman gaske tunda ga mai gadi ta samu. Mu kuma muka tafi kasuwa yawon buɗe ido. Na sayi tabarmar kaba da man shanu a kwalba, direba ya sayi buhun gero ya ce ko da kuɗin ɗauka ya fi na Kano sauƙi, alhali motar makaranta ce za ta ɗauka. Muna cin tsire bayan azahar wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, muryarta kamar kullum, ta ce in ba mu da wani uzuri ko za mu ɗan leƙo.

Mun same ta a tsaye gaban akwatin da gyalenta na fita, ko cirewa ba ta yi ba. Ta riga ta zare wayar fankar da hannu ta kunna gulob. Ta ɗauko ƙwai guda ta ɗora mini a kunci, na ji shi da sanyi kamar wanda aka ajiye a randa. Ashe ta ba maƙwabta labarin na'urar, su kuma da suka ga ruwa ya ɗauke sai suka riƙa zuwa gani, wannan ta fita wannan ta shigo. Wata 'yar'uwarta da ke zaune a gidan ita ta riƙa buɗe musu ɗakin. 'Yar'uwar ta ce duk wadda ta shigo ta yi sallama sai fanka ta tashi, matan suna ta mamaki suna kiran wasu su zo su ga abin da ke amsa sallama. Tun hantsi fankar take jan iska mai sanyi a kan ƙwan, har harshen fitilar kananzir ya kwanta. Gulob kuwa bai kama ba ko sau ɗaya.

Na jona kwamfutata na buɗe abin da na'urar ta koya. A cikin lambobi yake, ni kaɗai nake iya karantawa, don haka na fassara musu da baki. Ka'ida ɗaya ce tak ta riƙe: in ƙofa ta buɗe aka ji muryoyin mutane, a kunna fanka. Zafin akwatin bai dame ta ba, domin a duk misalan da aka nuna mata, da zafi da ba zafi, shigowar mutane ce ke zuwa tare da fanka. Maganar gulob kuwa ba ta taɓa gani ba. Hajiya takan kunna shi ne da sassafe kafin mu zo, kuma ba ta danna kore a lokacin, don a ganinta ba a darasi sai masu duba darasi suna nan.

Na tambaye ta ko ta san iskar hantsi ba ta yi wa ƙwai kyau a ranar da babu rana. Tambayar ta fito da ɗan zafi, na sani. Ta dube ni ta ce, "Na sani sarai, Malama. Kuna fita nake kashewa. To amma ku taso tun daga Kano saboda ni, in bar ku a tsaye kuna gumi a ɗakina?"

Haushi nake ji, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Na'urar ta koyi abin da aka nuna mata daidai, Hajiya ta yi abin da duk mai mutunci zai yi, mu kuma mun sha iska mun gode. Abokin aikina, a karon farko tun da muka baro gida, bai yi bayanin komai ba.

Ta rufe taga ta ɗauko tocila tana haska ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Wasu ana ganin motsi a ciki, wasu shiru, wasu ba a iya cewa komai. Ta ce ba za a sani ba sai ranar fashewa. Daga nan ta tambaye ni, tunda abin ya koyi karatun banza, ina ake danna masa ya manta. Babu. Ba mu taɓa tunanin mai koyarwa zai buƙaci gogewa da kansa ba, mun bar wannan a cikin kwamfutata. Ta kuma ce a aji, in ta gama darasi, takan sa yaro ya tashi ya maimaita abin da ya ji, ta nan take gane inda ya karkace, wannan kuwa an koya mata ta yi gum.

Sauran yinin ranar da na washegari a masauki muka yi su, muna roƙon mai masaukin ya tayar mana da janareto da rana, mu sayi man. Abokin aikina ya huda jikin na'urar ya dasa jan maɓalli, wanda in an danna na'urar za ta zubar da darasin da ta ɗauka na ƙarshe. Ni kuma na gyara ɗan gilashin da ke gabanta, wanda da lambobi kawai yake nunawa, ya koma rubuta abin da ta fahimta da Hausa a gajarce, misali: in zafi ya hau, in kunna fanka. Gilashin ƙarami ne, sai rubutun ya riƙa tafiya a hankali kamar tururuwa, amma ana karantawa. Muka goge tsohon karatun gaba ɗaya muka mayar mata.

Na fara tsara mata lokutan da za mu riƙa zuwa, wannan karon har da sassafe. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaya ko mun taɓa zuwa Katagum. Muka ce a'a. Ta ce kai, ai bai kamata mutum ya zo har Azare bai ga tsohon gari ba, ga kogi ya kawo, ga kifi, ga ƙanenta can da zai ji daɗin saukar mu, ta ma riga ta aika masa. Na ce aiki muka zo yi ba yawo ba. Ta ce aikin ba zai gudu ba. Sai da muka fito direba ya ce mini, "Hajiya Malama, korar mu fa aka yi." Wallahi sai a lokacin na gane.

Hanyar Katagum arewa ta nufa, kuma ta sa na nemi gafarar hanyar Kano. Kwalta takan bayyana ta ɓace, a wasu wuraren ruwa ya haye ta, sai direba ya tsaya ya jira wata mota ta fara shiga ya ga iya inda ya kai mata. Amma ƙasar tana da kyau. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ga ɗorawa da kuka jefi-jefi, ga rugage a kan tudu, mata da ƙoren nono suna tafe a jere a gefen hanya. A wani ƙauye muka sayi dafaffen ƙwan zabi da yaji. Abokin aikina ya ɓare nasa, ya dube shi, ya miƙa wa direba.

Katagum gari ne mai natsuwa, an ce nan sarautar ƙasar ta fara zama kafin ta koma Azare, kuma mutanensa ba sa bari ka manta da hakan. Ƙanen Hajiya malamin gona ne, mai fara'a, ana kiransa Malam kawai. Ya kai mu bakin kogi muka ga masunta suna jan koma, muka shiga kwalekwale aka haye da mu aka dawo, ina riƙe da gefensa da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na haddace. Kifin nan kuwa, soyayye da garin ƙuli, ban ci irinsa ba, kuma kuɗin da za ka ba da a Kano a ba ka gutsure a nan shi ne kuɗin guda sukutum. Waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu kusa da makarantar firamare, inda za ka tarar da mutane a tsaye kowa ya ɗaga hannu sama. Na hau tudun nan ya fi a ƙirga. Duk sanda na samu Hajiya sai ta ce lafiya lau, ta tambayi ko mun ci kifi.

Tunda ba ni da aikin yi, sai na koma lura da gidan da aka sauke mu. Malam ya bar wa mazan ɗakinsa ya koma soro. Matarsa ta fito da kwanukan da daga gani ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. An yanka kaza, an sayo burodi, yaran gidan suna kallon shayi mai madara da irin kallon da ke nuna ba kullum ake yi ba. Na tambayi matar, cikin wasa, me suke ci in babu baƙi. Ta yi dariya ta ce abin da muke ci ne mana. Na san ba haka ba ne, ita ma ta san na sani. Nan na zauna ina tunanin cewa da za a ajiye na'urarmu a gidan nan a kwanakin da muke ciki, da ta rantse mutanen Katagum kaza suke ci safe da yamma.

Da muka ga mun ba da tazarar da ta dace, muka juyo Azare. Hajiya ta tare mu a soro, an riga an yi shimfiɗa a can, fura tana jira. Ƙofar ɗakin ƙyanƙyasa a rufe take, har da kwaɗo. Bayan gaisuwa abokin aikina ya miƙe ya nufi ƙofar, sai ta ce, "Injiniya, yi haƙuri ka zauna. In kuka shiga, hannuna sai ya kai ga fankar nan, na san kaina."

Daga inda muke zaune muna jin su ta bayan ƙofa, kukan 'yan zabi siriri, da yawa, ba ya yankewa. Ta ba mu labari a tsanake. Ta koya wa na'urar ita kaɗai, da sanyin safiya da zafin rana, babu mai kallo. Sau da dama ta karanta abin da ta rubuto ta ga shirme ne ta danna ja, har da ranar da na'urar ta ɗauka ƙarar ruwa a kan kwano ita ce dalilin kunna gulob. Yanzu abu biyu take rubutawa, kuma su ne daidai: in zafin ciki ya hau a kunna fanka, in ya sauka a kunna gulob. Ta gwada ta tana zaune a tsakar gida, sannan ta koma gidan rasuwar nan ta yini cur, ta dawo ta tarar da ma'auni inda ya kamata.

Na tambayi ƙwan. Ta ce sun fashe, da ɗan jinkiri. Abin da ya fita ya ɗan haura rabi. Tiren da ke kusa da taga ko ɗaya bai fita ba, ta fasa wasu ta ga 'yan tsakin sun gama haɗuwa har da gashi, sanyin ranar nan ne ya tsayar da su. A shekarun baya, in ji ta, abin da take asara bai kai haka ba ko kusa. Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin ruwan sama, ba ta ɗora wa kowa ba. Na ba ta haƙuri, na ce makaranta za ta duba yadda za a rage mata asarar. Ta ce kada in sake wannan maganar.

Mun bar mata na'urar. Muna shirin shiga mota sai 'yar'uwar tata ta fito da ƙaramin kwali mai huji-huji, an shimfiɗa tsumma a ciki, 'yan zabi suna ta tsalle a kai. Na ce ba zan karɓa ba, na faɗa da gaske, na maimaita. Hajiya ta karɓi kwalin ta ɗora mini a cinya ta tagar mota, ta ce baƙo ba ya barin gidanta hannu wofi, kuma in rufe su da kyau kada iskar hanya ta buge su. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a wurin aiki. Kusan rabin zubinta ya tafi a kan karrama mu, ga shi tana ƙara ɗiba daga abin da ya rage.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, gilashin mota a rufe saboda 'yan zabin, mu uku muna gumi babu mai ƙorafi. Mun shigo Kano ana kiran magariba.

Abin da tafiyar ta koya mini a wajen aiki a bayyane yake. Na'urar da ake koya wa ta hanyar nuni dole ta iya maimaita wa mai ita abin da ta fahimta cikin harshensa, dole kuma mai ita ya iya ce mata ta manta ba tare da ya nemi irina ba. Ɗayan darasin ya fi mini nauyi. Mutanenmu ba sa yin abu a gaban baƙo yadda suke yi in su kaɗai ne, kuma ba ƙarya suke yi ba, mutunci ne. Duk wanda zai ƙera abin da zai koyi rayuwar mutane daga kallonsu, to ya san cewa zuwansa ma yana cikin abin da za a koya, ya ajiye kayansa ya ba da wuri. Shugaban sashenmu ya nemi hoton na'urar tana aiki don rahoto, na ce masa ban gan ta tana aiki ba, ta bayan ƙofa na ji. 'Yan zabin suna bayan kicin ɗina a cikin kwali, ɗaya bai kai Wudil ba, sauran suna cin tsaki. Kullum da asuba ni nake tashi in taɓa su in ji ko da ɗumi.